Ƙidayar Hausa da Manhajar Lissafi ta Ingila: Sharhi kan Koyon Yara a Gidajen Hausawan Manchester da Birmingham

Tsakure

Wannan maƙala ta yi sharhi kan manhajar lissafi ta azuzuwan farko a Ingila da irin tallafin da take nema daga iyaye. Ta nuna cewa ƙidayar Hausa ta fi ta Ingilishi fayyace ginin lambobi daga 11 zuwa 19, kuma barin ta a gidajen Hausawa mazauna Manchester da Birmingham asara ce ga yaro.

1.0 Gabatarwa

Manhajar ƙasa da ta fara aiki a Ingila a watan Satumba na 2014 ta tanadi cewa ɗan aji ɗaya, mai shekara biyar zuwa shida, ya iya ƙirga har ya wuce 100, ya kuma san lambobin da ake haɗawa su ba da jimilla har zuwa 20. A aji biyu ana so ya bambance gurbin gomomi da na ɗaiɗaiku, ya haddace jadawalin sau na 2 da 5 da 10. Tun 2022 kuma ɗan aji huɗu yake zaman gwajin dole na tambayoyi 25, kowace a cikin daƙiƙa shida. Wannan gwaji ya sa iyaye da yawa mayar da aikin gida hadda zalla, kuma da Ingilishi kaɗai.

2.0 Abin Yabawa a Manhajar

Hanyar koyarwar da ta yaɗu bayan kafa cibiyoyin Maths Hubs a 2014 da musayar malamai da Shanghai tana bin matakai uku: yaro ya taɓa abu da hannu, ya gan shi a zane, sannan ya rubuta lamba. Tushenta na cikin aikin Jerome Bruner na 1966, wanda Singafo ta gina manhajarta a kai. Hanya ce mai ma'ana, kuma ba baƙuwa ba ce ga al'ummar da ta daɗe tana ƙirga wuri kashi-kashi, tana dara da tsakuwa. Uwar da ta zuba wake goma a murfi ta ajiye uku a gefe ta riga ta cika matakin farko.

3.0 Giɓin da Aka Bari

Inda manhajar ta gaza shi ne batun harshe. Ta ambaci yaran da Ingilishi ba shi ne harshensu na farko ba, amma ta fi kallon su a matsayin masu buƙatar agaji. Ba ta ɗauki sunayen lambobi na harshen gida a matsayin kayan aiki ba, alhali binciken Jami'ar Manchester ya ƙiyasta cewa ana magana da harsuna kusan 200 a birnin.

Kalmomin eleven da twelve ba sa nuna wa yaro goma ko kaɗan. A thirteen kuwa ukun ake fara furtawa, alhali a rubuce ita ce ta ƙarshe, ga kuma kamar sauti tsakaninta da thirty. Bahaushe cewa yake yi goma sha uku, goma a gaba, uku na biye, daidai da yadda aka rubuta 13. Abin da malama take wahalar nunawa da kayan ƙirga yana nan cikin kalmar. Haka nan ashirin ba ɗaya da ashirin ba biyu suna ɗauke da dabarar da ake koyarwa a aji, wato a kai ga cikon goma sannan a ɗebe.

Akwai shaida daga cikin Birtaniya kanta. Ann Dowker ta Jami'ar Oxford da abokan aikinta sun wallafa nazari a 2008 kan yaran Wales, inda ƙidayar makaranta take bin tsarin goma a sarari. Sun gano cewa yaran sun fi takwarorinsu iya karanta lambobi masu gurbi biyu da kwatanta su, ko da yake fifikon bai game dukkan lissafi ba. Wannan iyaka ya kamata a riƙe ta, kada a ɗora wa harshe abin da ba zai iya ɗauka ba.

4.0 Raunin Ƙidayar Hausa

Adalci ya wajabta a faɗi inda Hausa take da rauni. Ashirin, talatin, arba'in har zuwa casa'in aro ne daga Larabci, kuma yaro ba ya jin shida a cikin sittin yadda yake jin six a sixty. Sannan a maganar yau da kullum ana yar da goma a ce sha uku. Maganin duka biyun yana cikin harshen: a riƙa cika goma sha uku lokacin koyarwa, a kuma farfaɗo da tsohon tsarin gomiya biyu, gomiya uku, a matsayin tsani kafin a kai ga ashirin da talatin.

5.0 Kammalawa

Yaron da ke Moston ko Small Heath zai zauna gwajinsa da Ingilishi, babu makawa. Amma mintuna kaɗan na ƙirga cokula ko matakalar bene da Hausa suna ƙarfafa fahimtar gurbin lamba, suna kuma tsare harshen da ke saurin suɓucewa a ƙasar baƙunta. Aikin da ke gaban manazarta Hausa shi ne samar da littattafan lissafi masu harshe biyu da suka dace da aji ɗaya da aji biyu, da kuma gwada wannan hasashe a kan yaran Hausawa kamar yadda aka gwada shi a Wales.