Jigon Daji a Waƙoƙin Robert Frost

1.0 GABATARWA

Manazarta adabin Amurka sun saba kiran Robert Frost mawaƙin daji da gona, domin da wuya a buɗe littafinsa ba a tarar da itace, ko dusar ƙanƙara, ko tsuntsu, ko manomi da kayan aikinsa ba. Wannan laƙabi ya biyo shi har cikin azuzuwanmu, inda ɗalibai kan ɗauka cewa duk waƙar da ta ambaci daji, to yabon kyawunsa take yi. Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna cewa daji ƙaramin jigo ne a wajen Frost. Babban jigonsa shi ne ɗan'adam da rauninsa, yana fafutuka a tsakiyar halittun da babu ruwansu da shi. Za mu fara da taƙaitaccen tarihinsa, sa'an nan mu yi fiɗar waƙoƙi huɗu ta fuskar jigo da salo.

2.0 TAƘAITACCEN TARIHINSA

An haifi Frost a birnin San Faransisko ran 26 ga Maris, 1874. Watau ɗan birni ne, ba a gona aka yanke cibiyarsa ba. Da mahaifinsa ya rasu a 1885, sai mahaifiyarsa ta koma da su garin Lawrence a jihar Massachusetts, cikin yankin New England. Ya shiga kwalejin Dartmouth, daga baya kuma jami'ar Harvard, amma duka ya bari bai sami digiri ba. A 1900 ya tare da iyalinsa a wata gona da kakansa ya saya a garin Derry, jihar New Hampshire. Ya yi kimanin shekara tara yana kiwon kaji, amma gonar ba ta riƙe shi ba, har sai da ya haɗa da aikin koyarwa.

A 1912 ya ƙaura da iyalinsa zuwa Ingila. A Landan ne aka buga littattafansa biyu na farko, A Boy's Will a 1913 da North of Boston a 1914, lokacin yana dab da shekara arba'in. Ya komo Amurka a 1915, ya ci lambar Pulitzer har sau huɗu: 1924, 1931, 1937 da 1943. A 1961 ya karanta waƙa a wajen rantsar da Shugaba Kennedy. Ya rasu a Boston ran 29 ga Janairu, 1963.

Wani abin lura shi ne, cikin 'ya'yansa shida, huɗu sun riga shi rasuwa, matarsa Elinor kuma ta rasu a 1938. Ba mu ce tarihin mawaƙi shi ne fassarar waƙarsa ba. Amma mutumin da ya san wahalar gona, ya kuma binne ɗansa na fari a shekarar da ya tare a cikinta, da wuya ya ɗauki ƙauye wurin hutu.

3.0 WARWARAR JIGO

A waƙar "Mending Wall" ta 1914, maƙwabta biyu ne suka haɗu bayan wucewar hunturu don gyara katangar duwatsu da ke kan iyakar gonakinsu. Kowace shekara sanyi kan sa ƙasa ta kumbura ta zubar da duwatsun, kowace shekara su kuma sai su mayar. Mai magana yana ganin gyaran ba shi da amfani, tun da itatuwa ne a gonakin biyu, babu shanun da za su ƙetara su yi ɓarna. Maƙwabcin kuwa ba ya ba da hujja sai maimaita wani karin magana da ya gada daga mahaifinsa. Ke nan aikin halitta a nan rushewa ne kawai. Abin da ya dami waƙar shi ne zaman mutum da maƙwabcinsa, da yadda al'ada kan ci gaba bayan dalilinta ya kau. Kada kuma mu manta, mai sukar katangar shi ne ya kira maƙwabcin su fito aikin.

Waƙar "Out, Out" ta 1916 ta fi fito da batun fili. Yaro ne yake yanka itacen wuta da zarton inji a tsakar gida, ga duwatsun jihar Vermont a jere, rana tana faɗuwa a bayansu. 'Yar'uwarsa ta yi kiran abincin dare, sai zarton ya cafke masa hannu. Likita ya zo, amma rai ya yi halinsa, sauran mutane kuma suka koma kan harkokinsu. Mawaƙin ya kawo kyawun duwatsun a farkon waƙa, bai sake waiwayar su ba. Mun fahimci cewa da gangan ya yi haka, don a ga kyawun nan bai tsinana wa yaron komai ba. Daɗin daɗawa, ya raya zarton, ya ba shi gurnani da tsalle irin na dabba, alhali mutanen gidan ya bar su ba su ce uffan ba.

Ta uku ita ce "Design", mai ɗango 14, wadda ta fito a littafin A Further Range na 1936. Farin gizo-gizo ne a kan farin fure, riƙe da mataccen farin ƙwaro irin malam-buɗe-littafi. Shi wannan fure asalinsa shuɗi ne. Sai mawaƙin ya shiga tambayar abin da ya tara waɗannan farare uku a wuri guda domin kisa. Mai karatu da ya saba da waƙoƙin wa'azi, inda akan kawo halitta don a nuna ikon Ubangiji da rahamarsa, zai zaci nan ma wajen aka dosa. Frost kuwa da tambaya ya rufe, ya bar ta babu amsa. Fari, wanda aka sani da alamta tsarki, ya mai da shi launin mutuwa. Ba dole ne mu yarda da shakkar da ke cikin waƙar ba, amma wajibin mai fiɗa ne ya faɗi abin da waƙa ta ce, kada ya ɗora mata abin da yake so ta ce.

4.0 SALO DA TSARI

Mafi yawan abin da ke ruɗin masu karatu daga salo yake. Frost kan yi amfani da kalmomin yau da kullum na manoman New England, ya ɗora su a kan tsohon karin Ingilishi mai ƙafa biyar a ɗango. "Mending Wall" da "Out, Out" duka ba su da amsa-amo, don haka sukan faɗa a kunne kamar hira. Sauƙin lafazin shi ke sa a zaci ma'anar ma mai sauƙi ce.

Alal misali, mu ɗauki "Stopping by Woods on a Snowy Evening", wadda aka buga a 1923. Baiti huɗu ce, 'yar ƙwar huɗu. Matafiyi ne ya tsayar da dokinsa a bakin daji da dare yana kallon zubar dusar ƙanƙara, har dokin ya ƙosa, sa'an nan ya tuna alkawuran da ke wuyansa da sauran tafiya. A 'yar ƙwar huɗu ta Hausa, ɗango uku na farko ke ɗaukar ƙaramin amsa-amo, na huɗu ya riƙe babban har ƙarshen waƙa. A nan kuwa ɗango na uku ne ke warewa, kuma amonsa shi ke zama amsa-amon baiti na gaba. Ta haka kowane baiti yake jan na gabansa, kamar yadda alkawari ke jan matafiyin. A baitin ƙarshe sarƙar ta tsinke, ɗangwaye huɗun suka tsaya a kan amo guda, aka kuma maimaita ɗangon ƙarshe. Wannan tsari ya sa mai sauraro jin gyangyaɗi, kuma gyangyaɗi cikin ƙanƙara halaka ne. Dajin nan yana da kyau, amma wanda ya amsa kiransa ba zai kai gida ba.

5.0 KAMMALAWA

Ba mu ne farkon masu wannan fahimta ba. A 1959, wajen walimar cikar Frost shekara 85, manazarci Lionel Trilling ya bayyana shi a matsayin mawaƙi mai ban tsoro, maganar da ta ɓata wa masoyansa da yawa rai. Haƙiƙa Frost ma yana da nasa alhakin, domin ya shafe shekaru yana zagaya jami'o'i cikin kamannin dattijon ƙauye mai ban dariya, har jama'a suka riƙe wannan kamanni suka saki waƙoƙin. Shawararmu ga malamai ita ce, idan za a koyar da Frost, kada a tsaya ga lissafa itatuwa da tsuntsayen da ya ambata. A tambayi ɗalibi wane ne mutumin da ke cikin waƙar, wane aiki yake yi, me kuma dajin ya yi masa. Ta amsa waɗannan tambayoyi ne ɗalibi zai iya raba babban jigo da ƙananansa.