Gaɓar da Makaɗin Fada ke Sa Dattijo Hawaye

Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fada ranar Sallah, bayan an sauko daga hawa, makaɗan kotso sun jeru gaban sarki, ya san akwai wata gaɓa da ke zuwa a tsakiyar waƙa wadda ba ta kama da sauran. Ana cikin zuga da kirari, ana ta miƙa kyauta, yara na kutsawa tsakanin ƙafafun manya, sai ka ji kiɗa ya sauka. Jagora ya sassauta murya, ya kira sunan wani da ƙasa ta daɗe da rufe idonsa. Fadawan da ke ta gyara kintsi su yi tsit. In ka dubi gefen sarki, sai ka ga wani tsohon hakimi ya ja amawali yana share ido. Jim kaɗan kiɗa ya sake tashi, mata su rangaɗa guɗa daga cikin gida, taro ya dawo hayyacinsa.

Da yawa daga cikin masu sauraro suna ɗauka abin yana faɗowa ne haka kawai, waƙa ce ta yi daɗi. Alhali gina shi ake yi, da sani da lissafi, kuma ginin yana farawa ne tun kafin makaɗi ya baro gida.

Mutanen Tsafe suna da bakin magana a wannan fage. A fadar 'Yandoto, sarkin Tsafe, ne Salihu Jankiɗi, haifaffen Rawayya ta ƙasar Bunguɗu, ya yi zaman kiɗa kafin ya koma Sakkwato ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na III, har ya rasu a 1973. A wannan fadar ce kuma Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun ya yi wa 'Yandoton Tsafe Alhaji Aliyu na II waƙoƙin da har gobe ake saka su a gidajen rediyo da cikin motocin haya tsakanin Gusau da Funtuwa. Ɗanƙwairo gadon kiɗa ya yi wajen mahaifinsa Usman Ɗankwanda, ya yi amshi a ƙarƙashin yayansa Abdu Kurna, kafin ya ja tasa ƙungiyar. Ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa, ya rasu a 1991. In ka haɗa da Sa'idu Faru, makaɗin Muhammadu Macciɗo tun yana Sarkin Kudu, da Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, za ka ga cewa wannan yanki ya tara gwanayen da ba a cika samun irinsu a zamani guda ba. Allah ya jiƙansu baki ɗaya.

Makaɗin fada ba ya cika yin waƙa nan take. A gida yake zama da yaransa su ƙulla ta, ɗa bayan ɗa, wato baiti bayan baiti, su yi ta maimaitawa har ta zauna a bakin kowa. Nan ne hanyarsu ta rabu da ta marigayi Mamman Shata, wanda baiwarsa ta fi fitowa wajen ƙaga magana a tsaye gaban jama'a. A wannan zama na gida ake yanke inda za a sa dariya, inda za a sa zuga, da inda za a taɓa zuciya.

Abu na farko da ake kafawa shi ne gindin waƙa. 'Yan kalmomi ne, layi biyu ko uku, galibi yabon ubangida ne tsantsa, cewa shi jarumi ne, ɗan wane, ba ya ɗaukar raini. Da shi ake buɗewa, kuma bayan kowane ɗa sai 'yan amshi su dawo kansa. A dawowa ta biyar ko ta shida mai sauraro ya riga ya haddace shi, har leɓensa na motsi ba tare da ya sani ba. To, a nan gwanintar take. Kalmomin gindi ba sa canzawa ko kaɗan, amma abin da aka faɗa kafin a dawo kansu yana canza musu nauyi. In ɗan da ya gabata habaici ne ga wani ɗan sarki mai hanƙoron sarauta, gindi sai ya fito da dariya da izza. In kuwa ɗan da ya gabata ambaton mahaifin sarki ne da ya rasu, da dattawan da suka yi zamani da shi, sai wannan gindin dai, da aka yi ta jin sa ana murmushi, ya fito wa mutum kamar yau ya fara jin sa. Wancan “ɗan wane” da ya wuce ta kunne sau goma ba a kula ba, yanzu wanen ne aka tuna, da fuskarsa da muryarsa da ranar da aka kai shi makwanci.

Masu wasan kwaikwayo na waƙa a Landan da Niyok sun san wannan dabara. A wasan Les Misérables, wanda aka ciro daga littafin Victor Hugo na 1862 kuma aka fara nuna shi da Ingilishi a Landan a 1985, karin da aka ji tun farkon labari shi ake dawowa da shi a ƙarshe, lokacin da babban jarumin ke gargarar mutuwa, waɗanda suka riga shi kuma suka sake bayyana a dandamali suna rerawa. Mutane na fita daga zauren da jajayen idanu. Sai dai su suna da fitilu da labule da makaɗa cike da rami a gaban dandamali, suna da awa uku, kuma mamatan nasu ƙagaggu ne. Makaɗin kotso ba shi da ko ɗaya daga ciki. Yana tsaye a rana, a fili, mamacin da yake ambata mutum ne na gaske, ɗansa na zaune gabansa, matansa na ji daga bayan katanga. Kuskure ɗaya a sunan kaka ko a jerin waɗanda suka riƙi sarauta ya isa ya ɓata masa shekarun da ya yi yana gina amana a gidan. Shi ya sa makaɗin fada na ƙwarai masanin tarihi ne. Ya san wa ya haifi wa, wane ne ya yi sarauta aka tuɓe shi, wane suna ake faɗa da ƙarfi, wane kuma ake ratsewa a bar shi.

Sannan sai sanin lokaci. Gwani ba ya buɗe waƙa da mutuwa. Sai ya fara ɗaga jama'a tukuna. Ya zuga ubangida har dogarai su riƙa gyara tsayuwa, ya saki habaici ko zambo, ya siffanta maƙiyin sarki da wata dabba ko wani tsuntsu, taro ya fashe da dariya, kowa na satar kallon wanda yake zaton da shi ake. Mutumin da ya yi dariya ya saki jiki, ya ajiye garkuwarsa. A daidai nan jagora ke juyawa. A ganina wannan juyi shi ne ma'aunin makaɗi. Wanda bai ƙware ba yakan yi gaggawa, ya kawo jimami tun mutane ba su shiga waƙar ba, sai abin ya wuce ta saman kai. Wani kuma ya yi jinkiri har rana ta yi zafi, hankali ya koma kan dawaki da abinci.

Kotso kansa yana da hannu a ciki. Ganga ce mai baki ɗaya a rufe, ana rataya ta a kafaɗa, ana kaɗa ta da yatsu ba da sanda ba, kuma akan liƙa nake a tsakiyar fatar don ya zurfafa amo. Tsarkiyoyin da ke jikinta, in an matsa su sai sauti ya hau, in an saki ya sauka. Saboda hannu ne ke taɓa fata kai tsaye, mai kiɗa na iya rage ta har ta koma kamar ana magana ƙasa-ƙasa, abin da ke da wuya ga ganga mai sanda. Idan jagora ya nufo gaɓar nan, ba ya waiwayawa ya ba da umarni. Yaransa sun sani. Hannuwa su yi laushi a lokaci guda, sanƙira da ke ta ɓaɓatu yana fassara wa jama'a yabo shi ma ya haɗiye maganarsa.

Amma in za a yi adalci, rabin wannan aiki na 'yan amshi ne, mutanen da ba a cika sanin sunayensu ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya shafe shekaru yana nazarin waƙar baka, ya bambance hanyoyin da suke bi: akwai ƙari, inda jagora zai fara magana ya bar ta su ƙarasa, akwai rakiya, inda za su bi shi su rera tare, akwai karɓeɓeniya, inda ake miƙa layuka daga baki zuwa baki. Ƙungiyar Ɗanƙwairo ta yi fice a nan. Shi yana da siririyar murya mai zaƙi da ke hawa sama, su kuma su taho daga ƙasa da kauri, wani sashe ya karɓa daga wani, ba tare da an ji gurbin numfashi ba. Kuma fa suna yi ne hannuwansu na kan kotso.

Ka lura da abin da ƙari ke yi a wurin jimami. Jagora ya ɗauko maganar mamaci, ya kai ta rabi, ya yi shiru. Ga mai sauraro, kamar murya ce ta gaza masa. Kafin shirun ya yi tsawo sai muryoyi biyar ko shida su ɗauki ragowar su kai ta gida. Haka ake yi a gidan makoki, mai rashi ya fara magana ya kasa, 'yan'uwa su ƙarasa masa. Kowa a wurin ya taɓa zama a irin wannan tabarma, shi ya sa jikinsa ke amsawa tun kafin ya tsaya tunani. An shirya shirun a gida, an gwada shi, an san tsawonsa. Sanin haka bai rage mini komai daga girmansa ba, sai ma ƙara mini ganin ƙimar waɗanda suka iya shi.

Abin da ya fi burge ni kuwa shi ne yadda ba sa daɗewa a wurin. Makaɗin fada Musulmi ne yana waƙa gaban Musulmi, ya san kukan mutuwa yana da iyaka. Da ya ga idanu sun kawo ruwa sai ya mai da maganar addu'a, ya roƙa wa mamaci gafara da rahama. Nan take taron da ya yi tsit ya samu abin faɗa, amin ta tashi daga kowane gefe, har daga bakin sarki. Daga addu'a sai ya juyo kan mai rai. Ya tuna masa gidan da ya fito, da yadda magabatansa suka riƙe talakawa, ya ɗora masa kayan a ka gaban shaidu. Kiɗa ya tashi, a faɗa gindi da ƙarfi. Saboda haka hawayen nan suna da aikin yi. Sarkin da aka tuna masa mahaifinsa a bainar jama'a, aka ce ga yadda ya yi, an yi masa nasihar da waziri ma zai yi ta kewaye-kewaye kafin ya furta. Masu cewa kiɗan fada roƙo ne kawai ba su tsaya sun saurari wannan gaɓa ba.

Wani lokaci mamacin na kowa ne. Bayan kisan Sardauna a ranar 15 ga Janairun 1966, ambaton sunansa a waƙa ya ishi taro ya yi sanyi, balle a ƙasar Gusau, inda ya zauna ya yi aiki tun daga 1938. Wani lokaci kuma makaɗin kansa ne ke juyowa ya dubi sana'arsa, kamar yadda Narambaɗa ya yi a Bakandamiya, inda ya tsaya yana auna kansa da waƙarsa. Jin tsoho yana faɗin abin da ya iya, alhali kai mai sauraro ka san ya daɗe da tafiya, yana da nasa nauyin daban.

Yau akasarin matasa ta waya suka san waɗannan waƙoƙi, daga tsofaffin faya-fayen gidajen rediyo irin na Kaduna da Rima. Muryar tana nan, amma fuskokin da aka yi waƙar dominsu ba sa ciki, ba ka ganin inda jagora ya dubi sarki, ko inda hannuwa suka sauka tare. Mawaƙan situdiyo akwai masu baiwa a cikinsu, ban musa ba, sai dai mai rera waƙa shi kaɗai gaban na'ura, a jera masa amshi daga baya, ba shi da taron da zai karanta, ba shi da wanda zai miƙa wa rabin magana. Ga kuma rashin tsaro da ya addabi Tsafe da maƙwabtanta, wanda ya rage tarukan dare da tafiye-tafiyen da makaɗa ke yi daga wannan fada zuwa waccan, inda yaro ke koyon amshi a bayan ubansa.

Duk da haka kiɗan bai mutu ba. Zuriyar Ɗanƙwairo na riƙe da kotso, kuma akwai dattawan da suka yi wa manyan makaɗa amshi da bakinsu, suna nan da ransu a garuruwan Zamfara. Su ne suka san inda ake sassauta hannu da dalilin yin haka. Ina roƙon ɗaliban Hausa na Jami'ar Tarayya ta Gusau, da ma'aikatan gidajen rediyonmu, da masarautun Tsafe da Bunguɗu da Gusau, su nemi waɗannan bayin Allah tun suna iya magana, a zauna da su, a ɗauki waƙa cikakkiya da hoto mai motsi, daga buɗewa har direwa, a haɗa da fuskokin masu sauraro. Kai kuma mai karatu, in Allah ya kai mu Sallah kana kusa da fada, kada ka juya gida da an gama jafi. Ka tsaya ka ji makaɗa, ka sa ido kan 'yan amshi.