NULL da ƙa'idar UNIQUE: gurbi ɗaya, ma'ana biyu

Ka ɗauka kana gina rumbun bayanai na wani asibiti. A teburin marasa lafiya akwai ginshiƙin lambar NIN, ka ɗora masa ƙa'idar UNIQUE don kada mutum ɗaya ya shiga sau biyu. Amma jarirai ba su samu lambar ba tukuna, sai ka bar gurbinsu ba komai, abin da harshen SQL ke kira NULL. To, jarirai biyu marasa lamba, maimaici ne ko kuwa?

Amsar ta danganta da manhajar da ke hannunka. PostgreSQL da MySQL da SQLite za su karɓi NULL ko guda nawa ne, domin a wurinsu ma'anarsa "ba a sani ba", kuma abu biyu da ba a sani ba ai ba za ka rantse ɗaya ne ba. SQL Server na Microsoft kuwa NULL ɗaya tak yake yarda da shi, jariri na biyu sai ya ƙi shiga.

A asibitin nan SQL Server ne bai kyauta ba. Ma'aikacin da kwamfuta ta hana shi rajistar jariri ba zai tsaya muhawara da ita ba, lambar ƙarya zai ƙirƙiro ya wuce. Maganinsa akwai tun fitowar 2008: fihirisa mai tacewa, wadda ke duba layukan da ke da lamba kaɗai. Sai dai fa sai ka san da ita.

Kada ka yi saurin yabon ɗaya ɓangaren. Ga teburin farashi na wani kanti, an haɗa ginshiƙin kaya da na reshe ƙarƙashin UNIQUE, NULL a gurbin reshe kuma na nufin "duk rassa". PostgreSQL zai bari buhun shinkafa ɗaya ya shiga sau biyu da farashi biyu, ba gargaɗi ba komai. A ganina wannan ya fi muni, don ba za ka farga ba sai lissafi ya ƙi daidaita.

Asalin laifin shi ne alama ɗaya aka ɗora wa aiki biyu. Edgar Codd, wanda ya assasa wannan tsari na tebura, ya ba da shawara a littafinsa na 1990 a raba "akwai amma ba a sani ba" da "bai shafe shi ba". SQL bai bi ba. Shi kansa ma bai tsaya kan magana ɗaya ba, don GROUP BY yana tara duk NULL wuri guda kamar abu ɗaya ne.

A 2022 PostgreSQL 15 ya kawo NULLS NOT DISTINCT, ƙa'idar SQL ta 2023 ma ta amince da shi. Gyara ne mai kyau, amma abin da zai faru idan ba ka zaɓa ba, kowane kamfani aka bar wa.

Saboda haka kafin ka sa UNIQUE, tambayi kanka me gurbin ke nufi. In "duk rassa" ne, ba shi sunansa na gaske maimakon NULL. Sannan ka shigar da layi biyu masu NULL da hannunka, ka ga abin da manhajar za ta yi.