Tsokaci a Kan Ra'in Salon Koyo da Matsayinsa a Manhajar Hausa ta Firamare

1.0 Gabatarwa

Daga cikin ra'ayoyin da suka samu gindin zama a tarukan horar da malamai akwai wanda ke cewa kowane yaro yana da salon koyo nasa: wani da ido yake fahimta, wani da kunne, wani kuma sai ya taɓa da hannu. Saboda haka ake umartar malami ya gano salon kowane ɗalibi, sannan ya daidaita bayaninsa da shi. Wannan maƙala za ta auna ra'in da ma'aunin bincike, ta kuma duba ko ya cancanci a gina darussan Hausa na firamare a kansa.

2.0 Asalin Ra'in

Ra'in ya bunƙasa ne a Amurka tun daga shekarun 1970, ta hannun masana irin su Rita da Kenneth Dunn, sannan David Kolb a 1984. A 1987 Neil Fleming na ƙasar Niyu Zilan ya fito da tsarin da aka fi sani da VARK, wanda ya kasa masu koyo gida huɗu: masu gani, masu saurare, masu karatu da rubutu, da masu aiki da jiki. Sau da yawa akan gwama wannan da ra'in Howard Gardner na 1983 game da nau'o'in basira, alhali shi kansa Gardner ya fito fili a 2013 ya ce ra'insa daban, salon koyo daban.

Dalilin karɓuwar ra'in a bayyane yake. Duk malamin da ya taɓa riƙe alli ya san yara sun bambanta, kuma ra'in ya zo da alƙawarin cewa babu daƙiƙin yaro, sai dai wanda ba a bi da shi ta ƙofarsa ba. Wani nazari da Dekker da abokan aikinta suka buga a 2012 ya nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na malaman da aka tambaya a Birtaniya da Holan sun yarda da shi.

3.0 Abin da Bincike Ya Nuna

A 2004 Frank Coffield da abokan aikinsa a Birtaniya sun ƙirga tsare-tsaren salon koyo har 71, suka yi wa 13 nazari mai zurfi, suka tarar mafi yawan ma'aunan da ake tantance ɗalibai da su ba su da inganci. A 2008 kuma Pashler da McDaniel da Rohrer da Bjork suka fayyace irin gwajin da zai iya tabbatar da ra'in. Wajibi ne a tantance salon kowane ɗalibi, a rarraba ɗaliban ga hanyoyin koyarwa ta hanyar ƙuri'a, a yi musu jarrabawa iri ɗaya, sannan a ga cewa hanyar da ta fi amfanar masu gani ta sha bamban da wadda ta fi amfanar masu saurare. Binciken da ya cika waɗannan sharuɗɗa kaɗan ne ƙwarai, kuma akasarinsu sun saɓa wa ra'in.

A nan ya kamata a rarrabe abu biyu. Gaskiya ne yaro na iya fi son hoto a kan bayanin baka. Abin da ba a tabbatar ba shi ne cewa biye wa wannan son yana ƙara masa fahimta.

4.0 Ra'in a Ajin Hausa

Idan aka ɗora ra'in a kan darasin Hausa, rauninsa yakan fito sarari. Ɗauki bambancin "kuka" ta itace da "kuka" na hawaye, ko "gado" na kwanciya da "gado" na magada. Ƙa'idar rubutun Hausa ta yau da kullum ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka kalmomin kamanninsu ɗaya a kan allo. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, amma a wannan darasi ji ne ke korar gani, ko da an yi wa yaron laƙabin mai koyo da ido. Haka kuma lanƙwasar da ta raba "kafa" da "ƙafa", ko "baki" da "baƙi", sai an gan ta an kuma rubuta ta da hannu, bayan kunne ya riga ya raba tunkuɗau da tsayau. Ke nan abin da ake koyarwa shi ke zaɓen hanyar bayani, kuma dukkan yaran ajin hanyar suke bukata.

Akwai illoli uku da ya kamata masu tsara manhaja su lura da su. Na farko, laƙabi yakan zama uzuri: yaron da aka ce da hannu yake koyo ana iya rage masa karatu, alhali karatun ne ya fi bukata. Na biyu, laƙabin yana iya rufe ainihin matsala. Yaron da ba ya bin bayanin baka wataƙila kunnensa ne ke ciwo, ko kuwa Fulatanci ko Barbarci ko Nufanci ake yi a gidansu, Hausar aji ba ta zauna masa ba tukuna. Na uku, lokaci. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, kuma sanin kowa ne azuzuwa da yawa sun zarce haka nesa ba kusa ba. Malamin da aka ɗora wa shirya darasi ɗaya sau huɗu zai rasa lokacin duba rubutun yara.

5.0 Abin da Ya Dace a Riƙe

Sukar ra'in ba kira ba ne ga komawa ga malami yana faɗa yara suna maimaitawa. Jerome Bruner ya nuna tun 1966 cewa fahimta takan taso daga aiki da abu, zuwa hoto, zuwa alama. Yaron da ya ɗaure karan dawa goma-goma, ya zana su, sannan ya rubuta 23, ya bi matakan uku a darasi guda, kuma kowane yaro ya kamata ya bi su. Bambancin da ya fi cancantar kulawa shi ne matakin da yaro ya kai. A kan wannan ne ƙungiyar Pratham ta Indiya ta gina tsarinta na koyarwa daidai da matakin yaro, wanda aka gwada a wasu jihohin Arewa ciki har da Borno: a raba wanda bai san baƙi da wasali ba da wanda ke haɗa gaɓa, da wanda ke karanta jimla.

6.0 Shawarwari

Ana ba da shawarar a cire umarnin tantance salon koyo daga jagororin malamai duk inda ya bayyana. A maimakonsa, kowane darasi ya fayyace hanyar bayanin da ta dace da batunsa, tare da hanya ta biyu da malami zai koma gare ta idan ta farko ba ta shiga ba. A kuma tanadi gajeren gwajin karatu a farkon kowane zango, wanda zai haɗa da tambayar harshen da yaro ke yi a gida, domin malami ya san inda zai fara da kowa.