Sharhi a kan Fim Ɗin "Rana ta Takwas": Laifin 'Yar'uwar Georges ne?

A ɗakin wata maƙwabciyata a Cacavéli na sake kallon Le Huitième Jour, wato "Rana ta Takwas", fim ɗin da Jaco Van Dormael na Beljiyam ya fitar a 1996. Ɗanta mai shekara tara yana da lalurar Down, wadda likitocin Lome ke kira tirizomi 21, saboda ana haihuwar yaron da ƙwayar gado ta 21 guda uku maimakon biyu. Ita ta nemi mu kalla.

Labarin Georges ne, saurayi mai wannan lalura, wanda ya gudu daga gidan da ake kula da su don neman mahaifiyarsa da ta riga ta rasu. A hanya ya haɗu da Harry, ma'aikacin da aiki ya raba da iyalinsa. Abin yabo na farko shi ne Pascal Duquenne da ya fito a Georges, shi kansa mai lalurar ne, kuma shi da Daniel Auteuil suka raba kyautar gwarzon ɗan wasa a bikin Cannes na wannan shekarar. Ba a mai da shi dolo ko gaula don a yi dariya ba, irin yadda finafinanmu suka saba. Yana fushi, yana soyayya, yana kewa.

Sai dai ina da ƙorafi. Fim ɗin ya mai da Georges maganin Harry. Da Harry ya warke ya koma ga 'ya'yansa, sai marubucin ya rasa inda zai ajiye Georges, ya sa shi ya faɗo daga saman bene. Mutuwa ce mai sauƙaƙa wa marubuci aiki. Iyaye kuwa ba su da wannan ƙofar. Gobe da safe yaron yana nan, yana jiran koko da makaranta.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne inda 'yar'uwarsa ta ƙi karɓarsa tana kuka. Na ce mata imani ya yi ƙaranci. Maƙwabciyata ta ce, "Malam, ba muguwa ba ce, ita kaɗai aka bar wa." Nan na gane na karanta fim ɗin a baibai. Uwa ta ɗauki kayan ita kaɗai har ta mutu, aka juyo kan mace ta biyu.

Mu a Zango muna alfahari da zumunci, amma mu duba. Ana ce wa yaron ɗan ruwa, ana ɗora wa uwa laifi, ranar suna ko biki a kulle shi a ɗaki. Kusan rabin yaran nan da ciwon zuciya ake haifarsu. Wa ke biyan kuɗin zemijan zuwa asibitin Sylvanus Olympio? Wa ke riƙe yaron awa biyu uwa ta je kasuwa? Togo ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2011, ana kuma bikin 21 ga Maris kowace shekara, amma takarda ba ta goya yaro. Kishiya, goggo, 'yan adashi da malamin allo da zai ba shi wuri a tabarma, su ne za su goya.

Marubutanmu, labarin 'yar'uwar nan yana jiran mai rubuta shi da Hausa.