Leda Biyu da Ƙaramin Cokali

A unguwannin Hausawa na Anacha da Inugu da Fatakwal, inda damina ke daɗewa har kwata ta cika ta tumbatsa, akwai matan da ake buga wa ƙofa da tsakar dare idan gudawa ta kama yaro. Ba su yi karatun likita ba, amma hannunsu ya faɗa a haɗa ruwan gishiri da sukari.

Irin wannan dattijuwa yaron take fara dubawa. Ta shafa maɗigarsa ta ji ko ta faɗa, ta ga ko idanu sun zurma, ta ja fatar cikinsa ta saki ko za ta koma da wuri. Sannan ta ce, "'Yar nan, rabonsa da fitsari tun yaushe?" In uwar ta ce ai haƙori ne, ba ta tsaya musu ba, sai ta ce a miƙo kwano.

Ledar fiya wata biyu lita ɗaya ke nan, daidai ruwan fakitin ORS guda, wato haɗaɗɗen garin gishiri da sukari. In babu fakitin, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin cokali, ta ɗanɗana kada ya fi hawaye gishiri. Aikin sukarin shi ne jan gishiri ya ratsa hanji, ruwa kuma ya bi su zuwa jini. In sukarin ya yi yawa gudawar ƙaruwa take, shi ya sa take hana lemon kwalba. Da irin wannan haɗin Dakta Dilip Mahalanabis ya ceci dubban 'yan gudun hijirar Bangaladash daga kwalara a 1971, kuma shi Olikoye Ransome-Kuti ya yi ta tallatawa sa'ad da yake ministan lafiya na Najeriya daga 1985.

Ni abin da ya fi burge ni haƙurinta ne. Cokali ɗaya, ta ɗan dakata, ta ƙara wani, ko da za a kai asuba a haka. Ya yi amai? Ta jira minti 10 ta ci gaba. Nono ba a fasawa, kunu ma haka. Ruwan da ya kwana ya wuni sai a zubar a sake sabo. Da safe ta aika kemis a sayo zinc, wanda WHO da UNICEF suka ba da shawarar a haɗa da shi tun 2004, na kwana 10 zuwa 14.

Da ta ga jini a kashin, ko yaron ya langaɓe ya kasa haɗiya, sai ta ajiye cokalin ta ɗauki mayafi, ta ce maza a tsayar da mai keke, sai asibiti.