Albashin Alat: Tsarin da Ya Share Hawayen Ma'aikaci

Idan aka ce in zaɓi abu guda da zamani ya kawo wa ma'aikacin ƙasar Yauri, ba zan yi wata-wata ba. Zan ce biyan albashi ta banki, da lambar BVN mai gadinsa, da 'yar na'urar POS mai kawo shi har bakin ƙofa. Wallahi wannan tsari ya burge ni matuƙa, kuma duk majalisar da na zauna sai na yabe shi.

Wanda bai ga jiya ba, ba zai san daɗin yau ba. A da, ranar albashi ranar wahala ce. Malamin firamare a ƙauyen bakin ruwa zai rufe aji, ya shiga kwale-kwale, ya hau mashin, ya iso wurin biyan albashi ya tarar da layi har waje. Kashiya na bayan tebur da jakar kuɗi da doguwar takarda. A kira sunanka, ka sa hannu, a miƙo maka. Wata rana a ce kuɗi sun ƙare, a dawo gobe. Wata rana ka ƙirga ka ga giɓi, amma ina bakin tambaya? Yau kuwa malam na gaban allo, alli a hannu, sai waya ta yi ƙara a aljihu. Ga adadi, ga kwanan wata, ba a bar hannun kowa a tsakani ba. Kai, madalla!

Abin da ya fi tafiya da hankalina shi ne yadda aka ɗaure suna da yatsa. Gwamnatin tarayya ta fara tsarin IPPIS a 2007 domin tattara bayanan ma'aikatanta da albashinsu a kwamfuta. A 2014 Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da BVN: mutum ɗaya, lamba ɗaya, da hoton fuska da zanen yatsu. Da aka gwama su biyun, sai asiri ya tonu. A watan Fabrairun 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta tarayya ta sanar da cire sunayen bogi sama da 23,000, waɗanda ke lashe fiye da naira biliyan 2 kowane wata. Ma'aikacin bogi yana da suna a takarda, amma ba shi da yatsan dangwalawa. Wace dabara ce ta kai wannan kyau?

Sai kuma ɗaukar aiki. Da shirin N-Power ya zo a 2016, an ce a nema ta intanet, a rubuta jarrabawa ta intanet, wanda ya dace cikin masu digiri da takardar NCE ya riƙa ganin alat na naira 30,000 a wata. Ɗan manomin albasa daga Shanga da ɗan masunci daga Wara suka cike fom iri ɗaya da na ɗan babban gida a Birnin Kebbi. Ba a tambayi kowa ɗan wane ne ba kafin shafin ya buɗe masa. Wannan kaɗai ya isa a yi wa fasahar jinjina.

Amma gwarzona a duk wannan tafiya shi ne mai POS. Je ka bakin kasuwar Yelwa ka sha kallo. Saurayi ne ƙarƙashin lema, da ɗan tebur, da jaka rataye a wuya, da batirin caji a gefe. Ka miƙa kati, ya juyo maka na'urar, ya kawar da kai ka danna lambar sirri. Takarda ta fito tsiririt, ya tsinke, ya ƙirgo maka kuɗi sau biyu. “Alhaji, ƙirga ka gani.” An gama! Sana'a ce da kakanninmu ba su taɓa jin sunanta ba, ga ta yau tana ciyar da gidaje, 'yan mata da samari duk suna ciki. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ne ma jama'a suka gane darajar taransifa. Dillalan kifi da masu ɗaukar 'yan ƙwadago a fadamun shinkafa suka koma biya ta waya, da yawa kuma ba su sake waiwaya ba.

Na sani, akwai ranar da sabis ke ɗaukewa, kuɗi ya maƙale, rai ya ɓaci. To amma don gobara ba a daina hura wuta. Maganin shi ne a ƙara turakun sadarwa a ƙauyukan bakin tafkin Kainji, a kuma koya wa dattawa ɓoye lambar sirrinsu.

Ni dai na ba wannan tsari maki cikakke. Ina kira ga duk mai ɗaukar ma'aikata a Shanga da Ngaski da Yauri, mai makaranta ne ko mai injin casar shinkafa ko mai shagon magani, ya mayar da biyan yaransa ta asusu. Haƙƙin ma'aikaci zai tsira, lissafin maigida zai fito fili, gardamar ƙarshen wata kuma ta ƙare.